Ɗankwalin Delu a Kan Fitila

A Ƙofar Rini, in ka tambayi gidan Muntari, za a ce maka wane Muntarin. Amma in ka ce Muntari mai jif, ko akuyar unguwa sai ta raka ka. A soja ya koyi tuƙi, lokacin yaƙin Bama, ya dawo Sakkwato da ɗan ɗingishi da labari mai yawa. Da aka yi gwanjon tsofaffin motocin soja, ya samu wata jif da ko ƙofa ba ta da ita, sai wata babbar fitila a saman gilashin gaba. Da ita yake kai mahauta da fatake rugage su duba shanu. Tari take yi kamar tsoho mai shan taba, amma inda babbar mota ta kafe, ita ratsawa take yi.

Da damina ta yi nisa, Gulbin Rima ya tumbatsa ya shiga fadama, sai Muntari ya ajiye mahautansa. Ya ɗora igiya da shebur da katako a baya, ya bi ƙauyukan bakin gulbi yana kwaso tsofaffi da awaki da buhunan gero. Babu wanda ya sa shi, kuma ko goro ba ya karɓa. Matarsa Delu, wadda bakinta ya fi ƙahon motar kaifi, takan tare shi a zaure yana ɗigar ruwa ta ce, "Malam, yaushe anka naɗa ka sarkin ruwa ban ji tambari ba?" Tana faɗa tana miƙa masa busasshiyar riga.

Delu tana da ƙawa, Karimatu mai nono, matar wani makiyayi Jinaidu. Rugarsu tana kan wani tudu a tsakiyar fadama. Ƙawancensu na gaske ne, irin wanda ake ƙullawa da kyauta. Wata sallah sun sayi yadi ɗaya ruwan goro a kasuwa, suka raba biyu, kowa ta yi ɗankwali da rabinta.

Wata damina, 'yan shekaru kafin 'yancin kai, aka kwana biyu Karimatu ba ta shigo gari da ƙwaryarta ba. Sai ga labari cewa ruwa ya zagaye tudunsu yana ta hawa, hanya ɗaya ta rage, tsohon burtalin da ya fuskanci gari. Kafin Muntari ya gama ɗaura igiya, Delu ta yafa mayafi ta haye motar. Ya buɗe baki, ta harare shi, ya rufe.

Bayan la'asar ne, amma hadari ya sa garin ya yi duhu, ruwa kuma kamar da bakin ƙwarya. Muntari ya bi burtalin har ruwa ya fara wanke musu ƙafafu a cikin mota. Nan ya tsaya, don gaba ba ta yiwuwa. Daga can yana hango mutanen ruga a kan tudu. Abin da ya rage su tako ruwan, iya cinya, su iso gare shi. Ya kunna babbar fitila, ya danna ƙaho.

Abu ɗaya ne bai sa a lissafi ba. Damina lokacin jangali ce, harajin shanu, kuma makiyayin da ya hangi farar fitilar mota a wannan lokaci ba ya tsayawa tambaya. Muntari ya san haka sarai, sai dai ya ɗauka duk duniya ta san tarin motarsa. Ga shi ruwan sama ya shanye tarin. Yana kallo maza suka tashi shanu suka kora su baya, wajen gulbi, inda ruwa ya fi ƙarfin mutum. Mata da goyo suka bi su.

Ya miƙe tsaye yana ihu, "Jinaidu! Ni na, Muntari!" Iska ta dawo masa da muryarsa. Ya ƙara danna ƙaho, su kuma suka ƙara sauri. Ko a dajin Bama bai taɓa jin tsoro irin na ranar ba. Ya zo ceton mutane, ga shi da hannunsa yana tura su cikin gulbi.

"Bar ƙahon ga haka nan, Malam!" in ji Delu. Ta sa hannu ƙarƙashin mayafi ta warware ɗankwalinta. "Ɗaure wanga bisa fitila. In Karimatu tag gani, ta san ni ta."

Ya karɓa ya ɗaure. Farin hasken ya koma ruwan goro, ya kwanta a kan ruwa. Can a ƙarshen ayari wata mace ta waiwayo, ta tsaya. Ta daɗe a tsaye. Sai suka ga ta cire nata ɗankwalin tana kaɗawa sama, tana kiran waɗanda suka yi gaba. Ɗaya bayan ɗaya suka juyo, mutane da shanu. Muntari ya zauna daɓas a kujera, ya bar ruwan sama ya rufa masa asirin abin da yake zuba daga idonsa.

Sawu ya yi ta yi har ya kwashe mata da yara da tsofaffi, maza suka biyo da shanu. Jinaidu ne na ƙarshe. Ya dubi fitilar, ya dubi Muntari, ya ce, "Ni dai har yanzu zuciyata ba ta yarda da mota ba. Amma Karimatu tac ce motar jangali ba ta ɗaura ɗankwali."

Daga wannan damina, duk fadama ta san hasken ruwan goro. Wasu direbobi biyu daga Sabon Gari da suka fara taya shi aikin, su ma suka nemo ƙyalle mai launin suka ɗaura. Delu kuwa duk kaka sai ta tambayi ɗankwalinta, shi kuma ya ce sai baɗi.

A shekarar 'yancin kai, zafin fitila da rana suka cinye ɗankwalin, ya yage a hannun Muntari ana gab da cikar gulbi. Bakanike Audi ya yi alkawarin nemo masa gilashi mai launin daga Kano, amma gulbi ba ya jiran motar Kano. Muntari yana zaune a zaure ya yi tagumi, yagaggen ƙyallen a cinyarsa, sai ga Karimatu ta sauke ƙwaryar nono. Wani tsohon zane ta rufa a kai. Ta ɗaga faifai, ta ɗauko rabin yadinta a ninke, ta miƙa wa Delu.

"Ki ba Malam shi ɗaura," in ji ta. "Ruwa ya kusa, kuma akwai waɗanda ba su fito daga fadama ba tukuna."