Garin da Kaka Ta Ƙi Karɓa

Jiya da la'asar na tarar da 'yata a kan tabarma ta duƙufa a kan waya, tana wasan nan na cike gurbin kalmomi, wanda ake ba ka zance a lulluɓe ka nemo kalmar da ke ciki. Wata tambaya ta gagare ta. Ko minti ba ta yi tana tunani ba ta danna wani wuri, amsa ta fito. Ban san lokacin da na ja tsaki ba. Amsa kyauta? A gidan da na tashi, sai ka ba da gari sukutum kafin a faɗa maka.

A wani ƙauye kusa da Sule Tankarkar na girma, a hannun kakata ta wajen uba. Da bazara, in zafi ya hana kowa sakat, takan tara mu a gindin darbejiya muna ɓarar gyaɗar iri. Don kada mu gudu, ko mu cinye irin, sai ta ɗaure mu da kacici-kacici. Ba wanda kowa ya sani take yi ba, nata take ƙirƙira. "Tsohuwar gidanmu kullum tana zaune a kan 'ya'yanta uku, ba wanda ya taɓa kuka." Mu yi ta lissafo tsofaffin unguwa, ita kuwa tana dariya, ga tukunya can a kan murhu muna kallonta. Takan ce da ni, "Kai mijin nan nawa, ba cefane ba basira! Daina bin yatsan da nake nuna maka. Dubi hannun da na ɓoye."

Dokar wasan kowa ya san ta. In ka kasa, sai ka ce, "Na ba ki gari." Ta ce, "Wanne?" Ka ce Gumel, ko Gagarawa. Sai ta gyara zama ta ce ta karɓa, ta shiga garin ta ci ta sha, ta bar maka ƙanzo, sannan ta faɗi amsa. A gindin bishiyar nan Kaka ta cinye Kano ya fi a ƙirga.

Amma akwai guda ɗaya da ya fita daban. Ranar da ta fara yinsa ba ta yi dariya ba. "Na yi baƙo, ya zo ba ƙafa, ya ci tuwo ba baki, da zai tafi ya bar min takalminsa." Muka ce iska, muka ce wuta, muka ce fara. Ta girgiza kai. Muka ba ta Maigatari da shanunta, ta ce ba ta so. Muka ba ta Kano, muka ba ta Damagaram. "Kun matso," in ji ta, "amma ba shi ba ne. Ku ba ni garinmu."

Sai a ranar na gane ban san garin Kaka ba. Ni a zatona a ɗakinta aka halicce ta, tare da randa da fantimoti. Na tambayi babana, ya ce abin da ya sani kawai, tana yarinya aka taho da ita daga Arewa, tsallaken iyaka, a wata shekara da hatsi ya ƙi, kuma mutanen garin sun watse. Ita ma na tambaye ta. Ta ce, "Ni zan ba ka abin da za ka biya ni da shi? Je ka nemo." Abin ya tsaya min a rai. Duk bazara sai ta maimaita, duk bazara sai mu tashi hannu rabbana.

Na girma, aiki ya kawo ni Gumel. Wata ranar kasuwar Maigatari na zauna shan fura kusa da wani dattijo mai sayar da raƙuma. Hira ta kai mu ga tsagen fuskar Kaka, na kwatanta masa. Da jin haka ya kira sunan wani gari. Ya ce yanzu ba komai a wurin sai tsohuwar rijiya da kuka biyu. Ko furar ban ƙarasa ba na nemi mashin.

Na same ta a ƙofar ɗaki, tsufa ya riga ya taɓa tunaninta, har takan kira ni da sunan babana. Na durƙusa na ce, "Kaka, na ba ki gari." Na faɗi sunan. Ta kama hannuna ta riƙe gam. Ta ce, "Na karɓa." Ta shiga kiran mutane ɗaya bayan ɗaya, innarta, yayyenta, wata ƙawarta da suke zuwa rijiya tare, hawaye na bin tsagen fuskarta. Na jira har ta lafa, na ce, "To Kaka, wane ne baƙon?" Ta dube ni da gaskiyarta ta ce, "Wane baƙo, ɗan nan? An ba shi ruwa?"

Ba ta ga damina ta gaba ba. Har yau ina juya zancen. Na fi zaton yunwa ce, amma takalmin fa? Ko da na canka, ba mai ce min na canka, kuma wannan shi ya fi ci min rai.

Jiya, bayan tsakin nan, 'yata ta ce, "Baba, in naku ya fi, yi min ɗaya mana." Ban yi niyya ba, bakina ya kufce na yi mata na baƙon. Ta rubuta a waya, waya ba ta san shi ba. Ta ajiye ta, ta yi tagumi, ta ce iska, ta ce barci. Na koya mata dokar. Ta yi murmushi irin na Kaka sak, ta ce, "To na ba ka Gumel duka. Faɗa min."

Na karɓi gari a hannun yarinya, ba ni da abin da zan ba ta.