Hannun Baba Tsoho a Takardar Siminti

Wata ranar Litinin cikin daminar 1988, ina aji biyu a firamaren da ke kusa da Ƙofar Gayan, malamarmu ta shigo aji rungume da damin takardun buhun siminti, ruwa yana ɗiga daga lemarta. Sunanta Malama Rahila, daga Wusasa take zuwa kullum a motar haya. Ta zube kayan a tebur, ta jera gwangwanayen madara cike da jiƙaƙƙen ƙaro, da almakashi ɗaya tak, da kwano mai ruwan bula, irin wadda ake sa wa fararen kaya a wanki. Ta ce littafi za mu yi da hannunmu, kowa nasa, wanda zai ajiye har ya tsufa. Kafin ta rufe baki na riga na tsallake benci na isa gabanta. "Hadiza, ƙaiƙayi ne a ƙafarki? Koma ki zauna!" Na koma, amma zaman nawa bai fi na kaza mai neman wurin ƙwai ba.

Shafin farko hannunmu ne. Ka tsoma tafinka a bula, ka danna a takarda, ka ɗaga a hankali. Nawa sai da na sake, domin na ɗaga kafin a ce in ɗaga. Sauran shafukan kuwa abin da muka samo daga gida muke liƙawa da ƙaro, Malama ta rubuta mana sunansa a ƙasa mu kwaikwaya. Daga ranar idona bai sake barin ƙasa ba. Ina sharar tsakar gida ina tone bola, ina kai niƙa inji ina leƙen kwata, in an aike ni rijiya sai an biyo sawuna. Na bar carafke da 'yar gala-gala, na koma bin zabbin maƙwabta ko Allah zai sa gashi ya faɗi. Na samo ƙyallen atamfar Inna, da ƙwayoyin gero da dawa, da furen tumfafiya daga bayan ganuwa. Inna ta ce ita dai ba ta taɓa ganin boko mai sa yaro tsince-tsince ba.

Ana saura mako guda hutu Malama ta faɗi abin da ya hana ni sukuni. Shafin ƙarshe na wanda ya fi kowa tsufa ne a gida, shi ma hannunsa za a danna. Ranar Alhamis za ta ɗinke littattafan da basilla ta sa musu bango, ranar Juma'a a baje su a ƙarƙashin darbejiya iyaye su gani. Wanda shafinsa ya zo fayau ba za a ɗinka masa ba. Kowa ya tafi gida da 'yar kwalbar bula, washegari suka fara dawowa da hannuwan kakanninsu, ana ta dariyar yatsu karkatattu.

A gidanmu na Ƙofar Kibo babu wanda ya kai kakana, Baba Tsoho, kuma shi maɗinkin riga ne. Tun hantsi yake zama a bakin zaure inda haske ya fi, farar shadda shimfiɗe a gwiwa, yana bin zane da allura. Ban taɓa ganin mutum mai kaffa-kaffa da hannunsa irinsa ba. Ba ya ɗaukar allura sai ya wanke hannu da sabulu, ba ya fasa goro a kan aiki, ranar da aka yi miyar manja da cokali yake ci. A lokacin yanar ido ta fara rage masa gani, don haka ni ce mai zura masa zare a kafar allura. "Amarya" yake kirana, ni kuma in ce ba na son miji mai furfura. Na kai masa kwalbar da takarda ina ta zuba bayani. Ya saurara har na gama, ya ce, "Hannun maɗinki ba nasa ba ne, amarya, na mai riga ne. In shuɗi ya shiga ƙarƙashin farce, wa zai fitar da shi daga rigar angon mutane?"

Na yi kuka, na yi birgima, na kai ƙara wurin Inna, ta ce ba ruwanta a faɗan miji da mata. Na roƙi Malama ta bar ni in kawo hannun tsohuwar da ke sayar da daddawa a layinmu, ta ce ai ba kakata ba ce. Abinci ya daina shiga. In shiga ɗaki in fito, in zaga bayan gida in dawo, takardar tana hannuna har gefenta ya fara laushi. Sai na ɗauke ƙafa daga zauren gaba ɗaya. Ina jinsa yana kira ina yin kunnen uwar shegu, zuciyata kuwa cike take da haushi.

Ranar Laraba bayan la'asar ya aiko a kira ni. Na same shi da allura a hannu ɗaya, zare a ɗayan, ya yi ta auna kafar yana kuskurewa. "Amarya, yaji kika yi? To kawo takardar taki, amma ki bar mini kwalbar nan a can." Ya ɗora takardar a kan buzu, ya shimfiɗa hannunsa na hagu a kai, ya riƙa huda ƙananan ramuka da allura yana zagaye yatsunsa ɗaya bayan ɗaya. Da ya gama ya miƙo mini allurar, na zura masa farin zare. Bai ko dubi takardar sosai ba, da ɗan yatsa yake laluben ramukan yana bi. Ina ta tsalle a kansa ina cewa ya yi sauri rana za ta faɗi, yana cewa, "Sauri ya haifi nawa." Kafin kiran magariba hannunsa ya fito a takardar, har da ɗan karkacewar ƙaramin yatsansa.

Gaskiya ban ji daɗi ba a lokacin. Na kowa shuɗi, nawa fari, kuma ina tsoron Malama ta ce ba haka ta ce a yi ba. Da safe na miƙa mata ina kallon ƙasa. Ta shafa zaren da yatsa, ta juya bayan takardar ta ga ko ƙulli ɗaya bai fito ba, ta tambaye ni wa ya yi. Sannan ta ɗauki basilla ta fara da nawa.

Kafin wata daminar ta zagayo Baba Tsoho ya ajiye allura, idon ya rufe ruf. Yau 'ya'yana a waya suke ɗaukar hoton komai, gobe su goge don wuri ya cika, littattafansu kuma daga shago suke zuwa da ƙyalli. Nawa yana ƙasan akwati. Ƙwari sun cinye geron, furen ya zama gari, bular da na yi wa birgima ta koɗe har ba a gane tafina a shafin farko. Zaren nan kuwa yana nan daram. Ni da ba na iya zama wuri ɗaya, in na buɗe shafin sai in daɗe a zaune, na ɗora hannuna a cikin nasa. Har yau yatsuna ba su kai tsawon nasa ba.