Raken Kamfani da Sarautar da Ta Wuce Ni

Tun kafin wani ya riga ni faɗa, ni ne wawan wannan labari. Ni Malam Garba mai rake na Unguwar Sanusi, wanda ya yi aji uku a elemantare, saboda haka ba da jahilci na yi wautata ba, da ilimi na yi ta.

Shekarar da soja suka koma bariki, kowa ya kamu da ciwon zaɓe. Mu ma masu rake muka ce ƙuri'a za ta fitar mana da Sarkin Rake: ranar Juma'a kowane ɗan takara ya kawo rakensa a sha, a zaɓa. Mu biyu ne, ni da Ɗanjuma na Unguwar Mu'azu, mutumin da tare aka yi mana kaciya, amma Allah ya ba shi fadama a Kakau. Kafin azahar baronsa ya ƙare, nawa kuwa sai ƙudaje. Har mai ɗakina Ladi na kama ta da ɓawon rakensa a bayan murhu. Ba hassada nake ba, abin ne dai yake hana ni cin tuwo.

Sai na yi tunanin masu ilimi. Sukari ya fi kowane rake zaƙi, ashe raken da ake yin sukari da shi shi ne uban rake. Kuma na ji akwai kamfaninsa can bayan Jebba.

Litinin

Ƙarfe biyar saura kwata na fita da buta da bargo, na ce wa Ladi ta'aziyya za ni. Kiya-kiya, wato ƙaramar bas ta haya, ta tashi shida daidai, naira huɗu zuwa Mokwa. Tara da rabi muna Birnin Gwari, na sha koko da ƙosai na sule biyu. A Tegina taya ta yi faci. Muna zaune gindin mangwaro direba ya tambaye ni abin da zai kai tsoho Kwara, na ce sirrin gwamnati ne. A raina kuwa ina hango Ɗanjuma yana durƙuso yana ce mini ranka ya daɗe. Mun shiga Mokwa bayan la'asar, na kwana a rumfar wani Banufe mai kifi. Sauron garin ma da alama ɗan jam'iyyar Ɗanjuma ne.

Talata

Mil ashirin da huɗu zuwa gadar Jebba, daga nan akori-kura ta kai ni gonar kamfani sha ɗaya da minti goma. Rake iya ganinka, tarakta na jan sa kamar kara, hayaƙi na tashi daga injin matsa. Na ce a raina fadamar Kakau ko makewayin wannan gona ba ta kai ba.

Shugaban leburori ashe ɗan wajenmu ne, Bitrus, iyayensa na Makera. Ya ba ni masauki, matarsa ta yi mini tuwon acca. Da na faɗi buƙatata, ya dube ni ya dubi siraran sandunan nan.

"Baba, wannan fa ba na sha ba ne. Na inji ne."

"Ya fi na Kakau zaƙi ko bai fi ba?"

"Zaƙi kam ya fi, amma..."

Na ɗaga masa hannu. Na san irin wannan amma ɗin, ta mai rowar sirri ce. Har na fara zargin ko Ɗanjuma ya aiko masa da goro. Ya gaji ya roƙo mini dami biyu. Ban ɗanɗana ba, don haƙorana huɗu ne suka rage, shekara tara ke nan da ido nake sayen rake.

Laraba da Alhamis

Gingimari ce ta ɗauko ni da rakena dami biyu, sama kan buhunan doya. Soja sun tafi, amma shingen hanya bai samu labari ba. Kusa da Tegina wani ɗan sanda ya zare sandar rake ɗaya, ya kafa mata haƙori, ya kama kuncinsa, sannan ya maido mini da ita da hannu biyu ya ce Allah ya kiyaye hanya. Na ce wa direba ka ga amfanin mulkin farar hula. Mun kwana Birnin Gwari saboda injin ya yi zafi, muka iso Kaduna Alhamis ƙarfe biyu na rana. Na gode Allah da ya dawo da ni lafiya, na gode wa Bitrus, wanda ya faɗa mini gaskiya kyauta na ƙi karɓa.

Juma'a

Bayan an sauko masallaci, mu ashirin da ɗaya muka taru a ƙofar gidan dattijonmu Alhaji Sule. Aka feraye na Ɗanjuma, ruwa na bin gemu, ana lumshe ido. Na kau da kai. Aka zo kan nawa, wuƙa ta farko ta dakushe. Na yi jawabi a kan ci gaba da zamani, har da Turanci guda biyu. Alhaji Sule ya gatsa, muka ji ƙas, ya tofa abu a tafin hannunsa, ba rake ba ne.

Ƙuri'a ashirin Ɗanjuma ya samu. Ɗaya tawa ce, kuma na tabbata ni na jefa ta.

Na shiga gida ina faɗa, ina ce wa Ladi an yi maguɗi, raken nan kamfani guda ya shaida ya fi na Ɗanjuma zaƙi. Tana tankaɗe, ko ɗagowa ba ta yi ba.

"To Malam, ka koma can inji ya zaɓe ka. Shi ne mai haƙoran ƙarfe."