Faifai Shida a Yatsuna

Bari in fara da wautata kafin wani ya riga ni faɗa. Watan da na kama aikin masinja a shagonmu na kwamfuta a Kankia, Oga ya ce windo ta lalace, sai na tafi na kirawo kafinta. Da ya ce a nemo makulli kuma, na miƙo mashi na banɗaki. Aji uku na yi a firamare a Fakuwa, na ukun ma rabinsa a gonar gero na yi shi. To da irin wannan kan zan ba ku labarin ranar da har yau ba ta fita raina ba, ranar da na raka Malama Saude aiki Kusada.

Ku yaran yanzu da filashi kuke aiki, don haka sai na yi maku bayani. A wancan lokacin, da faifai ake sa wa kwamfuta windo, wato abin da ke sa ta farka ta san kanta. In an yi nisa sai ta tsaya ta nemi makulli, wasu haruffa da lambobi da ke manne a jikinta cikin 'yar takarda mai ƙyalli. Windon kuma dangi-dangi ce. Akwai ta gida, akwai ta ofis, a kowace kuma akwai wadda ake saye a kanti da wadda kamfani ke haɗowa da kwamfutar. Makullin wannan ba ya buɗe waccan ko da za ka kwana kana roƙo.

Tsarin shagon kuwa, Oga ne a sama, sai injiniya, sai masu taifin, sai ni da tsintsiya. Malama Saude mai taifin ce, 'yar Yashe, mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya'ya uku. Gyara kuwa a tsaye ta koye shi, tana leƙen kafaɗar injiniyanmu, har ranar da ya samu aiki a Katsina ya tafi. Ta ce a ba ta kujerar. Oga ya ja gemu ya ce akwai wata Islamiyya a Kusada da aka ba kyautar kwamfuta 'yar gwanjo. In ta je ta tashe ta a yini ɗaya, hedimasta bai kira da ƙorafi ba, kujera tata ce. In ba haka ba ta koma taifin, kuma kada ta sake tada maganar.

Ana gobe tafiya Oga ya ba ni jakar faifai ya ce in kakkaɓe. Faifan nan kwafi ne, su shida, babu rubutu a jikin ko ɗaya. Sunan kowane a jikin rigarsa ta takarda yake. Ni kuwa ɗan mai saƙa faifai ne, tun ina yaro na san ba a rufe jar ƙwarya da baƙin faifai. Na zare su duka, na goge da hannun riga har ina ganin gemuna a ciki, sannan na mayar da su yadda ido ke so, mai shuɗin baki a shuɗiyar riga, mai kore a koriya. Na tafi gida ina jin na yi aiki.

Wata Laraba ce cikin damina. Muka isa Kusada da hantsi, ita a kan acaɓa ɗaya, ni da jaka a kan ɗaya. Hedimasta Malam Lawal ya tarbe mu, ya dube ni ya ce, "Sannu da zuwa, injiniya."

Na ce, "Allah gafarta malam, ni ɗan dako ne. Ga injiniya nan."

Ya dube ta, ya dubi ƙasa, ya ce, "Tau."

Babu wuta, sai janaretan da aka aro wurin mai aski, man cikinsa kuma ba yawa. Ta karanta takardar jikin kwamfutar, ta ce ta ofis ce ta kamfani, ta zaro faifai daga rigar da aka rubuta haka. Ta share duk abin da ke cikin na'urar, aiki ya yi nisa, aka zo wurin makulli. Ta buga, aka ƙi. Ta goge takardar da bakin hijabi ta sake bugawa a hankali, aka sake ƙi. Yanzu tsohuwar windo ta tafi, sabuwa ta ƙi shiga, ga malamai sun cika taga.

Ta juyo ta ce, "Baba Ilu, wa ya taɓa jakar nan?"

Na gyara hula na ce, "Ni na shirya maki su. Ai da a hargitse suke, launi bai dace da launi ba."

Na jira zagi, bai zo ba. Ta ce, "Allah ya saka, Baba."

Ana haka sai ga Bala mai cajin waya na bakin kasuwa, wanda ya shigo kallo. Ya ce, "Hajiya, kada ki wahal da kanki. Ina da makulli a wayata, kowace windo yana buɗewa. Duk garin nan da shi nake yi."

Ta ce, "Na wa ne?"

"Na kowa ne."

"To na sata ne ke nan. Yau zai buɗe, wata rana su wayi gari ta kulle, yara na zaune. Wannan tana da nata na halal a jikinta."

Malam Lawal ya ce shi dai ya ga ta tashi kafin mai ya ƙare, ya fito da waya yana jujjuyawa. Ni da na san abin da wayar nan za ta jawo, na matsa na raɗa mata, "'Yata, ki karɓi makullin Bala. Oga ba zai sani ba, ni kuma bakina da nauyi."

Ta ce, "Miƙo hannuwanka."

Na miƙa. Ta zare faifan shida daga rigunansu ta zura mani su a yatsu ta ramin tsakiya, uku dama uku hagu. Ta ce rigunan sun zama maƙaryata, yanzu ni ne rigar, in na motsa yatsa na sake ɓata mata lissafi.

Ashe akwai wani dogon shafi na sharuɗɗa da faifai ke nunawa tun farko, wanda kowa ke tsallakewa bai karanta ba. Can ƙarshensa, a layi na ƙasa, faifan yana faɗin danginsa. Haka ta riƙa cire ɗaya daga yatsana, ta saka, ta gangara har ƙasa, ta karanta, ta mayar mani. "Babban yatsa, ta gida. Manuni, ta ofis amma ta kanti." Ni ina tsaye hannuwa sama kamar mai shanya lalle. Ƙuda ya sauka a hancina ya yi zamansa. Liman ya shigo ya miƙo hannu, na gaishe shi da gwiwar hannu. Bala ya ce in an gama a ba shi aron tsohon nan ya rataya caja.

Janareta ya fara tari lokacin da ta kai ƙaramin yatsana na hagu, na ƙarshe. Ta karanta layin, ta fara aikin daga farko. Da aka zo makulli na rufe ido. Sai na ji Malam Lawal yana cewa, "Ikon Allah, ta wuce."

Ya kira Oga kuwa, a gabanmu. Ya ce akwai wasu kwamfutoci biyu da ake sa ran za a kawo, in sun zo injiniya Saude yake so a turo. Oga ya tambayi abin da ya jawo jinkiri, ta karɓi wayar ta ce faifai ne suka cakuɗe, ta ware su. Iyakar abin da ta faɗa ke nan. Washegari ta hau kujerar, kuma da yawanku a hannunta kuka koya.

Abin da na ɗauka daga ranar, a sana'ar nan, mai kwamfuta ba ya ganin abin da ka zuba mashi a ciki, sai dai ya yarda da kai. Shi ya sa nake hana ku karɓar makullin kowa, ko da ni ne na ce ku karɓa.

A ranar ta Kusada, muna jiran acaɓar komawa a bakin titi ina murza yatsu, na ce mata ai ni tausayinta na ji shi ya sa na ba ta waccan shawara. Ta gyara jakar a kafaɗarta, don ta hana ni riƙewa, ta ce, "Na sani, Baba. Amma da na bi maganarka, kai ne mutum na farko da zai daina kirana injiniya a ransa."