Yatsan Malam Ramalan

Shekara ashirin da biyu Malam Ramalan ya yi yana dukan tafireta a gindin darbejiyar bakin kotu a Rano, kuma ko sau ɗaya ba a taɓa kama shi da ƙarya ba. Da tafireta ta mutu murus, ƙungiyar manoman Kibiya ta ɗauke shi ya riƙa shigar da sunayen masu neman taki a shafinta na intanet. Ya koyi kwamfuta da ƙyar, yana hararta kamar ta ci masa tuwo.

Al'adarsa guda ce tun zamanin tafireta. In ya gama rubuta sunan mutum, sai ya ɗora yatsa a kan maɓalli, yanzu a kwamfuta maɓallin Enta ke nan, ba ya ɗagawa sai ya yi wa mai sunan addu'a.

Ranar da aka buga jerin sunayen, gari ya ɗauka. Sunan Hammadu na ƙauyen Lausu ya fito sau bakwai. Saude bazawara kuwa, sau goma sha tara! Shugaban ƙungiya, Alhaji Dalhatu, ya tara jama'a ya ce Ramalan ɓarawon taki ne, maimaita sunaye ya yi don ya kwashe rarar, Asabar za a kore shi. Ramalan ya koma gida ya kasa cin abinci. Korar ba ta dame shi ba kamar kalmar ɓarawo.

Lubabatu, 'yar garin da ta rubuta shafin, ta hawo mota daga Kano ranar Asabar ɗin. A gaban kowa ta ce, "Baba, shigar min da suna ɗaya in gani."

Ya rubuta, ya danne Enta, leɓensa na motsi. Sunan ya riƙa haihuwa a kan allo.

Ta dafe kai. "Laifina ne, Alhaji. In aka danne maɓalli ba a saki ba, burauza, wato manhajar da ke buɗe shafi, takan yi ta sanar da shi cewa an danna, an danna, tana haɗawa da alamar cewa maimaici ne. Haka ƙa'idar take ko'ina. Ni ce ban sa shafin ya duba alamar ba."

Layi ɗaya ta ƙara a cikin umarnin da ke sarrafa shafin, magana ta ƙare.

Da an tsaya nan da kowa ya tafi da mutuncinsa. Amma Hammadu, wanda bakinsa ba ya ajiye komai, ya gane cewa yawan fitowar suna shi ne tsawon addu'ar da aka yi wa mai shi. Aka juya ana kallon Saude, ita kuma ta ja mayafi tana murmushi.

Alhaji Dalhatu ya fizgi takardar, ya bi ta da yatsa har ya iso kan sunansa. Sau ɗaya tak.

"Malam, ni fa?"

Ramalan ya gyara zaman hularsa. "Alhaji, ai ka san ban iya ƙarya ba, ko a addu'a."