Mai Kwayil da Rifitar Kan Tanki

Mai Kwayil muke ce masa, don sana'arsa ke nan: naɗin wayar injin famfo da fanka da janareto in sun ƙone. Shagonsa na gindin tsohon tankin ruwa, a kan tudun da ya fi ko'ina tsawo a garin. Ɗaki ɗaya ne, da benci, da tulin injuna masu warin ƙuna, sai labulen da ya raba shi da inda matarsa take ɗinki. Shekara tara ina kai masa aiki, ban taɓa jin ya yabi hannunsa ba. Sai dai ya jona injin a wuta, ya juya a gabanka, ya miƙo maka.

Ni direban motar haƙar rijiyar burtsatse ne, yayana kuma shi ke kan injin haƙar. Aikinmu a inda babu ruwa yake, kuma inda babu ruwa da wuya ka samu sabis ɗin waya. Abin da ya kai ni ƙungiyar masu rediyon magana ke nan, ba sha'awa ba. Mu kusan talatin ne, kowa da lasisinsa da lambar kiransa. Rediyon hannu ba ya nisa, shi ya sa aka ɗora rifita a kan tankin. Akwati ce mai eriya, takan ɗauki muryarka komai rauninta, ta sake jefa ta da ƙarfi kowa ya ji. Mai Kwayil ne ya haɗa ta, shi ke hawa tsani in ta lalace, ga shekara sittin da ɗoriya, ga gwiwa mai ciwo.

Da can rifitar ba ta tambayar ko wane ne. Duk siginar da ta taɓa ta, sai ta buɗe. Lafiya lau muke har unguwar ta cika da masu walda da allunan talla masu wuta. Daga nan sai ta riƙa buɗewa haka kawai, ta yi ta huci da ƙara babu mai magana. Mutane suka fara kashe rediyonsu. A taro aka kawo shawarar a sa mata ton. Wani sauti ne can ƙasa-ƙasa da kunne ba ya kamawa, rediyonka ke aika shi tare da muryarka. In babu shi, ko maƙogwaronka zai tsage rifita ba za ta buɗe ba.

Ni na fi kowa ɗaga murya a taron nan. Na ce na gaji da tuƙi da gidan zuma a kunne. Mai Kwayil ya tambaya ko rediyon kowa na iya aika ton. Wani mai kemis a cikinmu ya ce wanda nasa bai iya ba a ajiye shi a gidan tarihi tare da mai shi. Aka yi dariya, har da ni. Washegari Mai Kwayil ya hau tanki ya sa.

Bayan wata bakwai muka samu aiki a wani kwari, tafiyar awa biyu daga inda kwalta ta ƙare. Da safe na tarar sabon rediyona bai yi caji ba, uwar 'ya'yana ta cire shi ta jona dutsen guga. Na ja durowa na ɗauki tsohon. Na kunna, na ji ana hira rangaɗau, na jefa shi a mota. Ban danna na gwada ba. Saurare ba ya buƙatar ton, magana ce ke buƙata, kuma na san haka sarai.

Mu uku ne a wurin. Da rana na ukunmu ya ɗauki ƙaramar motar ya tafi neman man dizal, sai yamma zai dawo. Wajen ƙarfe biyu, ɗaya daga cikin jak ɗin da ke tallafe da babbar motar ya nutse a lakar da ruwan haƙa ya jiƙa. Babbar motar ta karkata, bututun ƙarfen da ke jere a gefenta suka zubo. Yaya yana ƙasa.

Shida ne suka hau ƙafarsa ta dama. Na janye huɗu, ban san da wane ƙarfi ba. Biyu sun maƙale ƙarƙashin jikin motar, ko motsi ba sa yi. Jini na bin laka. Na cire bel ɗina na ɗaure masa cinya, na murɗa da sifana har ya ciji hannun rigarsa. Waya babu ko sanda ɗaya. Motar ba ta tuƙuwa, ƙarfen haƙa na cikin rami. Na hau saman kanta da rediyo.

Mai kemis da wani malamin makaranta ne a kan rifita, suna musun wace eriya ta fi. Kamar suna zaune kusa da ni. Na jira suka numfasa, na danna, na faɗi lambata, na ce akwai hatsari. Na saki. In rifita ta ɗauke ka, da ka saki za ka ji ɗan guntun "kish" daga gare ta. Ban ji ba. Malam ya ci gaba da zancensa daga inda ya tsaya.

A nan na duba abin da ke hannuna. Tsohon rediyon ne, wanda ba ya aika ton.

Na kira sau bakwai ko takwas duk da na san banza ne. Yaya ya ɗago kai daga ƙasa ya tambaya ko sun ji. Na ce sun ji.

"Tun kana yaro in za ka yi ƙarya takalminka kake kallo," in ji shi.

Sai na koma danna rediyon daidai lokacin da suke magana, ko siginata za ta ɓata tasu su san akwai mutum. Ta ɓata kuwa. Da na saki na ji mai kemis yana cewa wani marar aikin yi na shiga musu, ko kuwa jikan wani ne ya samu abin wasa. Malam ya ce a rabu da shi, in ya gaji zai bari. Suka yi dariya. Na sha jin dariyar nan a shekaru, ban taɓa jin tsoronta ba sai ranar. Fitilar batir ta koma ja.

Sai wata murya ta shigo, a hankali, kamar mai tambayar farashin ƙusa. Da ƙyar na gane ta, don Mai Kwayil ba ya hira a rediyo.

"Ku dakata duka. Akwai mai kira, ba shi da ton."

Ya ce yana jin alamata, amma muryar na nutsewa cikin hayaniya, kada in ɓata batir da bayani. In danna sau ɗaya in e ne, sau biyu in a'a.

Ya tambaya ko akwai wanda ya ji ciwo. Na danna. Ko yana numfashi. Na danna. Ko mai burtsatse ne, don shekaranjiya na karɓi famfo a wurinsa na ce za mu yi nisa. Na danna har yatsana ya yi zafi. Ko wani abu ne ya danne mutum. Na danna. Daga nan ya shiga lissafa hanyoyi ɗaya bayan ɗaya, kowace sau biyu yake tambaya. Da ya zo kan wadda ta ratsa ta bayan gadar ƙarfe, hannuna na zufa, maɓallin ya suɓuce, ya fita sau biyu. Na ji ya wuce zuwa wata hanyar. Na tsaya a kan motar nan ina rantse-rantse ga akwatin da ba ya jina.

Bai gama ta gaban ba ya tsaya. Ya ce dannawar ɗazu ba ta yi kama da sauran ba, ta yi sauri. Ya maimaita: bayan gadar ƙarfe ne? Na goge hannu a wando, na danna sau ɗaya. Kafin in saki, fitilar ta mutu.

Ban san ko ta isa ba.

Na sauko na zauna a laka, na ɗora kan Yaya a cinyata. Rana na dukan ƙarfe har ba ya taɓuwa, shi kuwa yana cewa sanyi yake ji, in ba shi rigata. Leɓensa ya yi fari. Ya fara gaya mini inda takardun makarantar babbar 'yarsa suke, da abin da zan faɗa wa matarsa. Na ce ya rufe mini baki, ni ba ɗan aikensa ba ne. Ya ce ko yau ɗin ma ba zan yi masa ladabi ba. Daga baya ya daina magana, sai ni nake yi, ina koran ƙuda, ina sa kunne a ƙirjinsa. Duk ƙarar da na ji sai in miƙe, sai in ga iska ce a cikin bututu. Ina ta lissafi: in bai ji dannawar ƙarshe ba, akwai hanyoyi huɗu, kowace awa biyu.

Ƙarfe biyar saura na ji ƙarar inji ta gaske. Motar mai kemis ce, da wata nas a gaba, Mai Kwayil a baya yana rungume da sarƙar da yake ɗaga injuna da ita, da jak biyu, da katako. Motar asibiti tana jira a bakin kwalta, ba za ta iya hanyar ba. Mai Kwayil bai gaishe ni ba. Ya durƙusa a kan gwiwar nan mai ciwo, ya leƙa ƙarƙashin motar, ya shimfiɗa katako kafin ya kafa jak, ya nuna wa kowa inda zai riƙe. Minti ashirin muka zare ƙafar. Mai kemis ya yi ta aiki kamar jaki, amma bai yarda mun haɗa ido ba.

Yadda aka yi ya ji ni, daga bakin matarsa na sani. Ranar da ya sa ton ɗin, ya saukar da waya daga kunnen rifitar zuwa wata 'yar lasifika a kan bencinsa, ya bar ta a buɗe. Duk hayaniyar da muka ƙi, shagonsa take sauka. Ta ce wata bakwai tana ɗinki kamar a cikin kaskon suya, ta yi faɗa har ta gaji. In zai fita sai ya ce ta sa kunne, wai ƙila wani ya ƙwanƙwasa.

A taro na gaba na miƙe na ce a cire ton. Shi ya ce a bar shi, don rediyon da aka kashe saboda hayaniya ba ya jin kowa. Ya ce duk mai tsohon rediyo ya kawo masa, akwai ɗan allon lantarki mai aika ton da ake liƙawa a ciki. Guda biyar aka kawo. Ashe ba ni kaɗai ke da irinsa a durowa ba.

Yaya ya rayu. An yanke ƙafar ƙasa da gwiwa, ya yi kwana arba'in da uku a asibiti, kuma ba zai ƙara tsayawa kan injin haƙa ba. Ana saura kwana biyu a sallame shi na je shagon da godiyar da na shirya tun daga gida. Na fara, Mai Kwayil bai ɗago ba. Ya kwance wata tsohuwar eriya, yana yanka bututun alminiyam da zarto, gefe ga guntun roba da soso. Ya jira na kai aya, sannan ya miƙo mini tef ɗin awo.

"Je ka auno mini yayanka daga hammata zuwa ƙasa," ya ce. "Da takalmi a ƙafar."