Kwamfutocin da Aka Ce Kogi Ya Cinye

Akwai wani siririn gurnani da tsohuwar kwamfuta ke yi idan an kunna ta, sai warin ƙura mai ɗumi ya biyo baya ta ramukan bayanta. Duk inda na shaƙi wannan wari, sai in tsinci kaina a ɗakin girkinmu na bayan titin Wendover, a birnin Greensboro na ƙasar Turawa, ina 'yar firamare, ƙafafuna na lilo daga kan kujera, miyar kuka na tafasa, ganyen itatuwan waje sun yi ja kamar an yayyafa musu manja.

Inna ce ta kawo tsofaffin kwamfutocin. Shara take yi a wani dogon ginin ofisoshi, ranar nan ta tarar an jibge su a ƙofar baya za a zubar, don an sayo sababbi. Ta nemi izini, aka ce ta kwashe. Baba ya yi ta jigila da motarsa har falonmu ya cika, sai mun bi ta gefe-gefe kafin mu kai ɗakin kwana.

Ka san Inna 'yar tsibiri ce, a tsakiyar kogin Kwara, can kudancin Nijar. Lokacin ban taɓa ganin wurin ba, a raina wata koriyar tabarma ce da aka shimfiɗa bisa ruwa. Lakwal ɗinsu, wato makarantar boko, ɗaki biyu ne na laka, da malami guda da kowa ke kira Mushe, kamar yadda ake kiran malaman boko a can. Ita ba ta taɓa zama a cikinta ba ko na yini ɗaya. Can take so kwamfutocin su je.

Mutanenmu na nan suna da ƙungiya, shugabanta wani Alhaji ne mai tura tsofaffin motoci gida a kwantena. Wata Lahadi Inna ta riƙe hannuna muka je taron, ta gaishe su, ta nemi a ba ta gefe guda a kwantenar da za ta tashi.

"Hajiya," in ji Alhaji yana murmushi, "tsibirin naku da ko lantarki babu? Kifi ne zai danna su?"

Maza suka kwashe da dariya. Wani ya ce ta aika shinkafa da gidan sauro, shi ne taimako.

"Akwai injin da kuka aika musu don kallon ƙwallo," in ji Inna. "Wutar da ta ishi ƙwallo ta ishi karatu."

"Ko a Yamai ba kowace makaranta ke da su ba, Hajiya," in ji Alhaji.

"To mu zauna sai Yamai ta ƙoshi?"

Alhaji ya ce babu wuri. Ya ƙara da cewa ko sun isa, damina ɗaya kogi zai cinye su. Inna ta miƙe. Ta gyara mayafinta muka fito, tafin hannunta zafi zau a cikin nawa.

Da muka koma gida ta sa Baba ya ɗora ɗaya a teburin cin abinci, ta zauna gabanta ta ce in koya mata. Na ce ai Mushe zai koya wa yaran. Ta ce, "Ni ba na aika wa mutane abincin da ban ɗanɗana ba."

Haka muka shiga hunturu. Kullum ta dawo aiki, hannuwanta na warin sabulun goge daɓe, sai ta zauna. Da farko ɗaga linzamin, ɗan abin nan da ake ja bisa tebur, take yi sama, tana mamakin yadda kibiyar ta ƙi bin ta. In na ƙosa sai in amsa mata da Turanci, ta ce, "Faɗa da Hausa, 'yar nan, yaran can ba za su ji wannan ba." Sai in tsaya ina laluben kalmomi, ita kuma tana maimaita su cikin rikoda, domin kaset take haɗa wa yaran da muryarta. Ranar da ta haɗa haruffan sunanta a allon, ita da ba ta taɓa rubuta shi da biro ba, ta daɗe tana kallonsa. Ta ce kar in kashe, ta tafi ta yi sallar la'asar ta dawo ta same shi yana nan.

Mata ne suka buɗe hanya. Kowace mace a cikinmu tana da shuɗin durom da take tara kaya a ciki shekara guda, man shafawa da takalma da turare na 'yan'uwa, kuma kuɗin wurinsa a kwantena biyayye ne. Wata Anti mai kitso ce ta fara juye nata a tsakar falonmu, ta ce ƙannenta ba za su mutu don rashin man shafawa ba. Sauran suka bi. Muka naɗe kwamfutocin da rigunan sanyin da suka yi mana kaɗan, har da tawa mai ruwan hoda da nake ji da ita. Da aka kai duromomin, Alhaji ya jijjiga ɗaya ya ji nauyi, ya dubi matan da suka jeru gabansa.

"Me ke ciki?"

"Kayan mata ne, Alhaji," in ji Anti. "Ko za ka buɗe?"

Bai buɗe ba.

Sun isa kafin ruwa ya janye, babban kwalekwale ya kai su har bakin gaɓa. Hoto ɗaya aka aiko mana: yara sun yi cincirindo, hasken allon a fuskokinsu, wata yarinya a gaba ta ɗora yatsa guda kamar mai taɓa ƙwai. Inna ta manna shi a jikin firiji.

A damina ta biyu labari ya zo cewa ruwa ya yi ambaliya, makarantar ta rushe, komai ya tafi. Na yi kuka har na kasa zuwa makaranta. A wurin suna, a bakin masallaci, sai an sami mai cewa, "Hajiya, ya labarin kifayen? Sun gama karatun?" Inna takan ce, "Suna gaishe ka." Ba ta taɓa sunkuyar da kai ba. Ta ci gaba da leƙa ƙofofin baya na ofisoshi, falonmu ya sake cika, ni kuwa ina jin haushinta a ɓoye, ina ganin taurin kai ne kawai.

Yanzu kowane yaro a tsibirin yana iya taɓa waya, kuma duromomin sun ragu, kuɗi ake turawa. Sai bayan na gama jami'a na taka wurin da ƙafata. Ƙanwar Inna ta shigar da ni ɗakinta, ta yaye wani zane a bayan jeren kwanoninta. Ga ɗaya daga cikin kwamfutocin nan, ta yi rawaya don tsufa, ta daɗe da daina aiki, amma ba ta taɓa shan ruwa ba.

Ta ce tun kafin ambaliyar wani babban jami'i ya aiko cewa za a kwashe kwamfutocin a kai makarantar birni, inda suka fi dacewa. Da ruwa ya fara hawa, mata suka shiga har ƙugu suka ɗauko su a ka, kowace ta kai ɗaya ɗakinta. Da jami'in ya zo, aka nuna masa kangon makarantar, aka ce kogi ya cinye su. Shekaru Mushe yana bin ɗaki-ɗaki da injin wutar a baro yana koyarwa, iyaye mata na leƙe ta bayan 'ya'yansu. Ba a bari maganar ta ƙetare kogi ba, don abin da aka faɗa a Greensboro da safe, kafin magariba ya kai birni.

Na ce, "Inna fa?"

"Ita kaɗai muka gaya wa," in ji ta. "Tun makon farko ta sani."